Hannun robot da sarƙar furotin: inda lissafinsu ya haɗu, da inda ya rabu

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyan kanikanci ne, aikina na kammala karatu a kan hannun robot yake. Na ji an ce lissafin da muke yi wa gaɓoɓin robot shi ne masu binciken furotin suke amfani da shi. Gaskiya ne, ko dai kwatance ne kawai? Me ya haɗa ƙarfe da abin da ke cikin jikin mai rai?

Amsa: Gaskiya ne, ƙanena, kuma ya wuce kwatance. Akwai wuraren da lissafin ɗaya ne sak, har ana iya ɗauko manhajar da aka rubuta wa hannun walda a masana'antar motoci a ba ta guntun furotin, ta warware shi ba tare da an sauya mata komai ba sai lambobin da aka shigar. Akwai kuma inda kamannin ya tsaya, kuma sanin wannan iyakar ya fi komai amfani ga mai shigowa daga ɓangarenku.

Furotin sarƙa ce ta amino asid, iri 20 ne ake jerawa. Ƙashin bayan sarƙar atam uku ne suke ta maimaituwa: naitirojin, sai kabon na tsakiya da ake kira alfa, sai wani kabon, sannan a sake daga farko. Tazarar da ke tsakanin atam da maƙwabcinsa kusan ba ta canzawa, tana tsakanin angistirom 1.3 da 1.5 (angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita). Kusurwar da atam uku suke yi ita ma da ƙyar take motsi. Abin da ke juyawa a sake shi ne murɗawar da ake yi a kan ɗaurin kansa, kamar ƙofa a kan hinjinta. Cikin ɗauri uku na kowane amino asid, guda ɗaya, wanda ya haɗa shi da na gaba, a kafe yake wajen digiri 180. Linus Pauling da Robert Corey sun gina bayaninsu na murɗaɗɗen tsarin alfa a kan wannan a 1951. Saura biyu, su ake kira fai da sai (haruffan Girka φ da ψ). To ka ga abin da ya fito: sanduna masu tauri, an haɗa su da gaɓoɓi masu juyawa, kowace a kan layi ɗaya. Ai wannan shi ne hannun robot a shafin farko na littafinku.

Don haka tsarin da Jacques Denavit da Richard Hartenberg suka kawo a 1955 yana hawa kan furotin daidai wa daida. Kowace gaɓa tana da lambobi huɗu, tsawo biyu da kusurwa biyu, uku a tsaye, ɗaya tana canzawa. Ka jera matiris mai layi huɗu da ginshiƙi huɗu ga kowace gaɓa, ka ninka su bi da bi, sai ka san inda kowane atam yake. Ribar tana da yawa. Furotin mai amino asid 100 yana da atam wajen 1,500, wato lambobi wajen 4,500 idan za a ba kowane atam matsayinsa a sarari. Da kusurwoyi kuwa, ƙashin bayan duka lambobi 200 ne. Hatta iyakar juyawar gaɓa da kuke sa wa robot akwai ta: a 1963, G. N. Ramachandran da abokan aikinsa a Madras ta Indiya suka nuna cewa yawancin haɗin fai da sai ba su yiwuwa, domin atam za su shiga jikin juna. Taswirar da suka zana har gobe da ita ake duba ingancin duk wani tsarin furotin da aka fitar.

Sai dai wannan sauƙin yana da farashinsa, kuma kai ka riga ka san shi. Kuskure ƙarami a kafaɗa babba ne a yatsa. Karkatar digiri 1 kacal a wata gaɓa tana gusar da atam da ke nisan angistirom 30 da kusan rabin angistirom, kuma gaɓoɓin ɗaruruwa ne.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, domin nan ne fannonin biyu suka yi kiciɓis na haƙiƙa. Ɗora tafin hannunka a kan tebur, ka danne shi kada ya motsa, kafaɗarka ma kada ta motsa. Za ka ga har yanzu kana iya kaɗa gwiwar hannunka ciki da waje. Dalili shi ne, tsayar da abu a sarari yana cin lambobi shida, uku na matsayi, uku na fuskanta, hannun mutum kuwa daga kafaɗa zuwa wuyan hannu yana da hanyoyin motsi bakwai. Shida sun tafi wajen riƙe tafin, ɗaya ta rage, ita ce kake gani a gwiwarka. Da gaɓoɓin shida ne cif, da hannun ya ƙame, sai dai a ce akwai wasu 'yan tsirarun tsayuwa daban-daban da za su kai tafin wuri ɗaya. To guda nawa ne?

Wannan tambayar ta daɗe tana ci wa masana motsin injina tuwo a ƙwarya. Donald Pieper ya nuna a 1968 cewa idan layukan gaɓoɓi uku a jere suka haɗu a ɗigo ɗaya, ana samun amsa kai tsaye, shi ya sa mafi yawan hannayen masana'antu aka ƙera musu wuyan hannu irin wannan, kuma amsoshinsu ba sa wuce 8. Amma hannu mai gaɓoɓi shida da aka jera yadda aka ga dama, sai a 1988 Lee da Liang na ƙasar Sin suka gano bakin zaren: komai yana komawa ga folinomiyal guda mai daraja 16, wato amsoshi ba za su haura 16 ba. Raghavan da Bernard Roth na Stanford suka kawo hanya mafi tsabta, sannan Dinesh Manocha da John Canny suka mayar da ita lissafin matiris da kwamfuta take yi cikin ƙiftawar ido a 1994.

Masu furotin kuwa sun daɗe suna fama da matsalar nan da wani suna. A jikin furotin akwai sassa masu tsari, murɗaɗɗu da shimfiɗaɗɗu, sannan akwai guntayen sarƙa masu lilo da suke haɗa su, ana ce musu lup. Sau da yawa a nan aikin yake. Ƙwayar garkuwar jiki, antibodi, da lup shida take cafke abin da ta zo nema, kuma na ukun da ke kan babbar sarƙarta shi ya fi wuyar hasashe. Enzayim da dama, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki, suna da lup da yake rufe bakin ramin aikinsu kamar murfi. Kuma waɗannan guntayen su ne suka fi ɓacewa a hoton da ake ɗauka da hasken eksire, saboda ba sa tsayawa wuri ɗaya. Sai mai bincike ya samu kansa da farkon lup a kafe, ƙarshensa a kafe, tsakiya babu. Wace murɗawa za a yi wa gaɓoɓin tsakiya sarƙar ta tashi daga nan ta sauka can ba tare da ta tsinke ba? Nobuhiro Go da Harold Scheraga sun rubuta lissafin wannan tun 1970 a Cornell, suka nuna cewa kusurwoyi shida ake buƙata kafin a rufe sarƙar. Shidan nan dai ita ce shidan tafin hannunka. A 1999 Wedemeyer da Scheraga suka kai lissafin ga folinomiyal, sai ga daraja 16 ta sake fitowa.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta Evangelos Coutsias da Chaok Seok da Matthew Jacobson da Ken Dill, ta 2004, domin ana iya ganinta da ido. Zaɓi kabon alfa uku a cikin lup ɗin, ka ɗauke su a matsayin turaku. Duk abin da ke tsakanin turke da turke ka daskarar da shi ya zama sanda guda. Tunda tsawon kowace sanda sananne ne, turakun uku sun zama alwatika mai tsayayyun gefuna. Kowace sanda ba ta da abin yi sai juyawa a kan gefenta, kamar nama a jikin tsinke, don haka kusurwoyi uku ne suka rage. Sharaɗi kuma uku ne: a kan kowane turke, kusurwar da sandunan biyu suke yi dole ta dace da wadda kabon yake yarda da ita, wajen digiri 111. Abu uku ba a sani ba, sharaɗi uku, a kawar da biyu, a bar ɗaya, 16 ta bayyana. Idan lup ɗin amino asid 12 ne, kusurwoyinsa 24. Sai ka zaɓi 18 daga taswirar Ramachandran, lissafi ya ba ka sauran shida. Wani lokaci ya ba ka amsa biyu, wani lokaci huɗu ko shida, sau da yawa kuma ya ce babu, ka sake zaɓe. Mandell da Coutsias da Tanja Kortemme sun saka wannan a Rosetta, manhajar hasashen siffar furotin, a 2009, kuma a gwajinsu na lup masu amino asid 12, matsakaicin kuskuren bai kai angistirom 1 ba.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙin rubutawa, CCD, wadda Wang da Chen suka kawo wa robot a 1991, Canutescu da Roland Dunbrack suka ɗauko ta zuwa furotin a 2003. Gaɓa ɗaya kake juyawa a lokaci guda, gwargwadon da zai fi matso da ƙarshen sarƙar kusa da inda ake so, ka koma ta gaba, ka yi ta zagayawa har ta rufu. Ba ta damu da yawan gaɓoɓi ba, kuma ba ta rikicewa a wuraren da matiris ɗin Jakobi yake lalacewa. Aibinta, tana ɗora wa gaɓoɓin farko nauyin juyi fiye da kima, kuma amsa ɗaya take ba ka, ba ta gaya maka akwai wasu. A ganina ɗalibi ya fara da ita don hannunsa ya faɗa, amma kada ya zauna a kanta.

Ƙidayar shida ɗin nan tana da wani sirri da ya kamata injiniya ya sani. Ɗauki saikuloheksen, zoben kabon shida. Ɗauri shida masu juyawa, a cire shida na rufe zobe, saura sifili. Ƙa'idar Grübler da Kutzbach da kuke amfani da ita cewa za ta yi zoben ba ya motsi. Siffarsa da ake kira kujera kuwa haka take, a ƙame. Amma siffar kwalekwale tana lanƙwasuwa, tana zarcewa daga wannan murɗa zuwa waccan ba tare da wani ɗauri ya miƙe ko wata kusurwa ta buɗe ba. Hermann Sachse ya hango siffofin biyu tun 1890. A 1897 kuma Raoul Bricard na Faransa, wanda lissafin siffofi masu gaɓoɓi ne a gabansa ba sinadarai ba, ya bayyana irin waɗannan tsare-tsaren da suke motsi alhali ƙidaya ta ce kada su motsa, saboda daidaiton da ke jikinsu yana sa wasu sharuɗɗan su maimaita juna. Kwalekwalen saikuloheksen ɗaya ne daga cikinsu. In ka ƙara kabon biyu, zoben takwas yana da hanyoyin motsi biyu, kuma a 2010 Shawn Martin da abokan aikinsa, har da Coutsias, suka nuna cewa dukan siffofinsa idan aka tara su suna yin ƙwallo da kwalbar Klein (wata siffa a lissafi da ba a raba cikinta da wajenta) da suka ratsa juna. Molekul mai kabon takwas kacal ke nan. Wannan ƙidayar ta hanyoyin motsi, da ta faro daga James Clerk Maxwell a 1864 ta biyo ta kan Gerard Laman a 1970, ita aka faɗaɗa ta zama hanyar gane wane sashe na furotin ne a ƙame, wane ne yake lilo, ba tare da an kwaikwayi motsinsa ba.

Haɗuwa ta biyu ita ce neman hanya. Ku kuna tambaya: ta ina hannu zai bi daga nan zuwa can bai bugi komai ba? Tomás Lozano-Pérez ya koya wa fannin ya daina kallon hannun, ya dubi sararin kusurwoyinsa, inda kowace tsayuwa ɗigo ce, kowane cikas kuma yanki ne da aka hana shiga. Matsalar ita ce girman sararin. Ko da kowace kusurwa cikin 200 ɗin nan matsayi uku kawai take da shi, jimillar siffofi ta kai 1 da sifili 95 a bayansa. Cyrus Levinthal ya ja hankali ga wannan a 1969: furotin ba zai yiwu a ce gwada su yake ɗaya bayan ɗaya ba, tunda yana naɗe kansa cikin daƙiƙa ko ƙasa da haka. Kwaikwayon motsin atam kai tsaye shi ma yana da nasa nauyin, domin kowane taku femtosakan 2 ne (femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan sau miliyan na daƙiƙa), ka ga kafin a cika kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa sai an yi taku biliyan 500.

Dabarar masu robot ita ce a bar zana taswirar duka, a yi ta jefa ɗigo da ka. Lydia Kavraki da Švestka da Jean-Claude Latombe da Mark Overmars suka fito da PRM a 1996: jefa tsayuwa barkatai, zubar da masu karo, haɗa maƙwabta da layi, sai ka samu tarun hanyoyi. Steven LaValle ya kawo RRT a 1998, bishiya mai miƙa rassa zuwa inda ba a taɓa zuwa ba. Ba a jima ba Latombe da abokan aikinsa suka gwada PRM a kan yadda ƙaramin molekul yake shiga ramin furotin, Nancy Amato da Guang Song suka gwada ta a kan naɗewar furotin, Juan Cortés da Thierry Siméon a Tulus ta Faransa kuma suka yi amfani da RRT suka bi yadda molekul yake fita daga rami mai zurfi, yana ture rassan amino asid da suka tare masa hanya. Ga mai ƙera magani wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, domin maganin da ya dace da rami amma ba shi da ƙofar shiga bai yi amfani ba.

Sauran haɗuwar zan ambace su a gurguje. Ɗora siffa kan siffa don auna bambancinsu: Grace Wahba ta gabatar da matsalar a 1965 don gane fuskantar tauraron ɗan'adam, Wolfgang Kabsch ya warware ta don furotin a 1976, Berthold Horn ya warware ta da kwataniyon a 1987 don ganin na'ura. Matsala ɗaya, gida uku. Lissafin Roy Featherstone na motsin jiki mai gaɓoɓi, wanda aikinsa yake ƙaruwa daidai da yawan gaɓoɓin, an yi irinsa don kwaikwayon molekul da kusurwoyi. AlphaFold 2 ma, tsarin kwamfutar da ya girgiza CASP, gasar hasashen siffar furotin, a 2020 har Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker, kowane amino asid yana ɗaukarsa ne a matsayin jiki mai tauri da ke da juyi da gusawa, irin firam ɗin da kake maƙala wa kowace sandar robot. Bambancin, shi ba ya ɗaure su a sarƙa tun farko, yana barinsu su yi iyo, daga baya a gyara ɗaurin.

Amma kama da wane ba ta wane. Ga robot, tambayar karo amsarta e ko a'a. Ga furotin babu bango, sai makamashi mai hawa da sauka: atam suna jan juna in sun ɗan matso, suna ture juna in sun matso da yawa, caji yana ja ko yana kora, ɗaurin haidirojin yana ƙulluwa yana kwancewa. Robot yana da injin da ke juya gaɓa da kwamfutar da ke ba shi umarni. Furotin ba shi da ko ɗaya. Ruwan da ke kewaye da shi ne yake ta dukansa ta ko'ina saboda zafi, kuma a wannan ƙanƙantar babu wani abu mai kama da gudun da zai ɗauke ka gaba bayan an daina tura ka. Saboda haka hanya mafi gajarta ba ita ce abin nema ba. Abin nema shi ne wace hanya aka fi bi, kuma sau nawa. Kwari mai faɗi marar zurfi yana iya rinjayar rami mai zurfi amma ƙunci, don kawai hanyoyin faɗawa cikinsa sun fi yawa. Lissafin motsi ba ya ganin wannan. Shi aikinsa ya miƙo maka siffofin da za su yiwu, ya rage maka wahalar lalube a inda babu komai. Zaɓen wadda halitta take ɗauka a cikinsu aikin fiziks ne, kuma a nan yawancin kuskure yake faruwa. Na sha ganin lup ya rufu tsaf, kowace kusurwa a cikin halal ɗin Ramachandran, siffar gaskiya ma tana cikin waɗanda aka samo, amma ma'aunin makamashi ya ɗora wata daban a sama.

Akwai kuma tarkon hagu da dama. Lokacin da na fara rubuta irin wannan lissafin, na juya alamar kusurwar murɗawa ban sani ba. Duk tsawon ɗauri daidai, duk kusurwoyi daidai, sarƙar ta naɗe ta yi kyau a allo. Sai da na ƙura wa murɗaɗɗen ido na ga hagu yake juyawa, alhali na furotin dama yake yi. Hoton madubi na gina. Tazara tsakanin atam ba ta bambanta abu da hotonsa na madubi, shi ya sa masu fitar da siffa daga ma'aunin tazara, kamar a aikin NMR, hanyar auna molekul da maganaɗisu, dole su ƙara sharaɗin hannu daban. A juyi, wannan shi ne tabbatar da cewa ditaminan ɗin matiris ɗinka +1 ne, ba -1 ba. Lissafin Kabsch ma sai an sa masa wannan gyaran.

In kana so ka taɓa abin da hannunka, shiga rumbun Protein Data Bank, wanda aka kafa tun 1971 kuma kyauta ne, ka sauko da 1UBQ, wato yubikwitin, amino asid 76. Lissafa fai da sai na kowanne, ka zana su, ka ga yadda suka taru a yankuna biyu. Sannan ka sake gina sarƙar da matiris ɗinka na Denavit da Hartenberg, amma ka sa tsawon ɗauri da kusurwoyi na bai-ɗaya maimakon waɗanda aka auna, ka ɗora ta kan ta asali da hanyar Kabsch, ka duba yadda ta kauce. Daga nan ka goge amino asid shida a wani lup, ka rufe giɓin da CCD sau 100, kowane karo da mafari daban, ka ƙirga guda nawa ne atam ɗinsu ba su shiga jikin sauran furotin ɗin ba.